Daga Bahon Wanki Zuwa Saiwar Haƙori

A Maraɗi da Damagaram, idan uwargida za ta wanke fararen kaya ko ta tsabtace banɗaki, javel take aiken yaro ya sayo. A Kano da Kaduna kuwa Hypo ko Jik za ta ce. Abin da ke cikin robar dai guda ne: ruwa mai ɗauke da sinadarin sodiyam haifokulorait, mai ƙaurin nan da ke hawa kai. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, wannan sinadarin ne likitan haƙori yake zuƙa a sirinji ya wanke cikin saiwar haƙori da shi, a Tokyo yake ko a Abuja, duk lokacin da ya yi niyyar ceto haƙorin maimakon ya cire shi. An haura shekara 100 ana neman wanda zai gaje shi a wannan aiki, har yau yana nan daram.

Kafin mu bi sawunsa, sai mun leƙa cikin haƙorin tukuna. Farin da muke gani a madubi ɓawo ne kawai. A ƙarƙashinsa akwai wani ƙashi mai ɗan rawaya da ake kira dentin, a tsakiyar dentin kuma akwai ɗan ɗaki mai ɗauke da tsoka mai rai, da jijiyoyin jini, da jijiyoyin jin zafi. Ita ce muke ce wa jijiyar haƙori. Daga ɗakin nan wasu siraran magudanai suke gangarawa ta cikin kowace saiwa har ƙarshenta, inda suke buɗewa cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan kogo ya ci haƙori har ya isa ɗakin, ƙwayoyin cuta sukan shiga, tsokar ta kumbura a wurin da ba shi da sararin kumburi, mutum ya kwana yana safa da marwa. Bayan wani lokaci tsokar ta mutu, zafin ya lafa, mai haƙori ya ɗauka ya warke. Alhali yanzu ne ƙwayoyin suka samu gida. Jini ba ya shiga magudanar kuma, don haka sojojin jiki ba sa isa wurin, maganin da aka haɗiya ma ba shi da motar da za ta kai shi. Daga nan suke tura dafinsu ta ƙarshen saiwa zuwa ƙashi, mugunya ta taru, wata rana a wayi gari kunci ya haye.

Mafita biyu ce. Ko a cire haƙorin, ko a huda shi, a kwashe abin da ya ruɓe, a wanke, a toshe. Tarihin da muke ba da labarinsa tarihin kalmar tsakiya ce, wato wankin.

Likitocin ƙarni na 19 ba wanki ne a gabansu ba, kisa ne. A 1836 wani likita mai suna Shearjashub Spooner ya ba da shawarar a riƙa sa gubar asenik a kan jijiyar haƙori don ta mutu a huta da zafi. Tana kashe jijiyar kuwa, amma idan ta zarce sai ta ci dasashi da ƙashi. A 1891 Otto Walkhoff na Jamus ya kawo wani haɗin fenol da kulorin. A 1893 Emil Schreier na Biyena ya riƙa cusa ƙarafan sodiyam da fotasiyam tsurarsu cikin magudanar, waɗanda da sun taɓa danshi sai su tafasa har da tartsatsi, a cikin bakin mutum yana zaune. Shekara ɗaya bayan haka John Callahan na Amurka ya ce a yi amfani da ruwan asid na salfa, ɗan uwan ruwan batir, don buɗe magudanan da suka tsuke. A 1904 John Buckley ya haɗa fomokiresol, wanda ke ɗauke da fomalin ɗin da ake adana gawa da shi. Tunanin dukkansu iri ɗaya ne: a samo abu mafi zafi, a rufe shi a ciki, duk abin da ke numfashi a wurin ya mutu.

Ba jahilai ba ne mutanen nan. Tun 1890 Willoughby Miller, Ba'amurke mai aiki a Balin a zamanin Robert Koch, ya fitar da littafi a kan ƙwayoyin cutar bakin ɗan Adam, a 1894 kuma ya nuna su a cikin ruɓaɓɓiyar jijiyar haƙori. Sun san abokin gabarsu. Abin da ba su da shi ido ne. Sai a ƙarshen 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi, kuma an daɗe kafin na'urar ta zama ruwan dare a ɗakunan likitocin haƙori. Lalube ake yi a cikin duhu. A kashe jijiya, a bar matacciyar tsokar a ciki, a ɗora hular zinare a kai, a sallami mutum.

Ranar biyan bashin ta zo a watan Oktoban 1910. Wani likitan Birtaniya, William Hunter, ya tsaya a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada ya caccaki aikin haƙori irin na Amurka. Ya ce ana gina ado na zinare a kan ƙazanta, ƙazantar kuma tana bin jini ta haifar da cututtuka a sauran jiki. Mujallar Lancet ta buga jawabin a 1911. Hunter ya fi damuwa da huluna da gadojin haƙori marasa kyau da ake ɗorawa a kan baki mai ciwo, amma masu sauraro suka ɗauki abin da ya fi sauƙin aikatawa. Frank Billings da Edward Rosenow a Amurka suka faɗaɗa zancen: amosanin gaɓoɓi, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, duk ana iya samo tushensu a wani ɓoyayyen gurbin cuta, kuma haƙorin da jijiyarsa ta mutu shi ne na farko a jerin waɗanda ake zargi. Weston Price ya riƙa ciro irin waɗannan haƙora daga bakin marasa lafiya yana dasa su a ƙarƙashin fatar zomaye, zomayen su kamu da ciwo su mutu, ya tattara sakamakon a manyan littattafai biyu a 1923.

Abin da ya biyo baya abin takaici ne. Aka shiga cire haƙora ba ji ba gani, masu ciwo da lafiyayyu. Matashi ya je asibiti da ciwon gwiwa ya dawo da wawulo. A asibitin masu taɓin hankali na Trenton a jihar New Jersey, shugabansa Henry Cotton ya yi imani cewa hauka ma daga nan yake, ya cire wa majinyata dubban haƙora, idan ba su warke ba ya wuce zuwa yanke sassan hanji, da yawa suka mutu. Makarantun likitan haƙori da dama suka rage koyar da aikin saiwa, wasu suka daina. Gwaje-gwajen Price kuwa cike suke da ramuka: yawan ƙwayoyin da yake ɗura wa ƙaramar dabba ya wuce misali, haƙorin kan gurɓata da yawu yayin cirewa, waɗanda suka maimaita aikin cikin tsabta kuma ba su samu abin da ya samu ba. A 1938 Russell Cecil da Murray Angevine suka bi diddigin mutum 200 masu amosanin gaɓoɓi, suka ga cire haƙora da makamantansa bai warkar da su ba. Sai dai kafin nan an yi ɓarnar da ba ta gyaruwa, domin haƙorin babba ba ya sake tsirowa.

Duk da haka akwai gaskiya a bakin Hunter, kuma mu a ganinmu nan ne labarin ya fi ɗaukar hankali. Haƙoran da ake yi wa aiki a zamaninsa ƙazamai ne da gaske. Masu son ceto haƙori ba za su yi nasara da musu kawai ba, sai sun nuna za su iya tsabtace magudanar. Abin da za su tsabtace ta da shi kuwa ya riga ya daɗe a duniya, a hannun masu wanki.

A 1774 Carl Scheele na Suwidin ya gano iskar kulorin. Claude Berthollet na Faransa ya lura tana faranta yadi, kuma wajen 1789 aka fara sarrafa ta a ruwa a wata masana'anta da ke Javel, wani ƙauye a bakin kogin Seine wanda yanzu birnin Faris ya haɗiye. Sunan ƙauyen ne ya bi Faransanci har ya iso kantunan Nijar. Kafin wannan ruwa, masaƙun Turai sai sun shanya yadi a fili na tsawon watanni kafin ya yi fari. Ruwan Javel na farko da fotash aka yi shi. Wani mai haɗa magunguna a Faris, Antoine Labarraque, shi ya sauya fotash da soda mai araha a farkon shekarun 1820, ya samar da sinadarin da muke magana a kai. Abin da ya kai shi ga haka wari ne: masu sarrafa hanjin dabbobi su yi tsirkiyar kayan kiɗa suna aiki cikin ɗoyin da ba ya misaltuwa, aka sa gasa ga wanda zai magance shi, ya ci. A 1824 da Sarki Louis na 18 ya mutu jikinsa ya riga ya fara ruɓa, Labarraque aka kira ya kashe warin gawar. A 1847 Ignaz Semmelweis ya tilasta wa likitocin ɗakin haihuwa na babban asibitin Biyena wanke hannu da ruwan kulorin, mutuwar masu jego ta faɗo daga kusan kashi 18 cikin 100 a watan Afrilu zuwa ƙasa da kashi 3 cikin 'yan watanni. Dukkansu wari suke kora, ba su san ƙwayoyin cuta suke kashewa ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mai da shi maganin rauni. Gonakin arewacin Faransa da Beljiyam sun sha takin dabbobi shekara da shekaru, ɓaraguzan bama-bamai kuma suna tura wannan ƙasar da tsumman kaki can cikin naman soja. Raunin ya ruɓe, a yanke ƙafa, wani lokaci yankewar ma ba ta ceton rai. A 1915, a wani otal da aka mai da asibiti a garin Compiègne, likitan fiɗa Alexis Carrel, wanda ya ci kyautar Nobel a 1912, ya haɗu da wani masanin sinadarai Baturen Ingila, Henry Dakin. Dakin ya gwada sinadarai kusan 200 yana neman wanda zai kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya ƙone naman da ke da rai ba. Ya tsaya a kan haifokulorait mai rauni, rabin kashi ɗaya cikin 100, wanda aka rage wa kaifi da asid na borik. Ya lura da wani hali nasa da sauran ba su da shi: yana narkar da mataccen nama ya ɗauke shi. Ya kuma lura da aibinsa, cewa da ya gamu da jini da mugunya ƙarfinsa yake ƙarewa nan da nan. Saboda haka Carrel ya shirya siraran bututun roba masu huji-huji da ake shimfiɗawa cikin raunin, ana sako sabon ruwa duk bayan awa biyu.

A duba wannan tsari da kyau, domin shi ne aikin saiwar haƙori na yau a taƙaice: a yanke abin da ya mutu, a buɗe hanya, a yi ta kwarara ruwa mai sauƙin ƙarfi ana sabunta shi. Ya sha bamban da rufe guba a rami a tafi.

Likitocin haƙori sun gani. Daga 1919 aka fara samun rubuce-rubucensu a kan wanke magudanar saiwa da ruwan Dakin, sai dai lokacin kasuwar cirewa ce ke ci, ba a saurare su sosai ba. A 1936 Alfred Walker ya ba da shawarar amfani da mai ƙarfin kusan kashi 5 cikin 100. A 1941 Louis Grossman na Philadelphia da abokin aikinsa Benjamin Meiman suka yi wani gwaji mai sauƙi: suka ciro tsokar jijiyar haƙori suka jefa a cikin sinadarai daban-daban, har da asid masu ƙarfi, suka zauna suna duba agogo. Haifokulorait ne ya fi kowanne narkar da ita, cikin minti 20 zuwa awa biyu. Grossman ɗin nan shi ne ya wallafa littafin da ya zama madogarar fannin a 1940, a 1943 aka kafa ƙungiyar ƙwararrun aikin saiwa ta Amurka a Chicago, a 1963 aka amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta.

Yadda yake narkar da nama ba baƙon abu ba ne ga duk wanda ya taɓa ganin ana dafa sabulun salo. Ruwan toka yana mai da mai sabulu, shi ma haifokulorait haka yake yi wa kitsen da ke cikin tsoka. Santsin da muke ji a yatsu idan bilic ya taɓa su, saman fatarmu ne ya fara zama sabulu. Kulorin ɗin da ke ciki kuma yana wargaza furotin, na tsoka da na ƙwayar cuta baki ɗaya.

Me ya sa narkarwar ta fi komai muhimmanci? Amsar tana cikin wani aiki da aka yi tun 1917 a Zurich ta ƙasar Suwizalan. Walter Hess ya ɗura roba cikin magudanan dubban haƙora, ya narkar da haƙoran da asid, abin da ya rage shi ne siffar magudanar. Ba bututu miƙaƙƙe ya gani ba. Ya ga abu kamar saiwar gamba: rassa, lunguna, siraran gadoji tsakanin magudana da magudana, ƙarshen kuma ya rarrabu kamar yatsu. Kayan aikin likita kuwa siririn magagari ne mai kama da allura, zagayayye, wanda yake bin babbar hanya kaɗai. A 1988 aka fara yin magagarin da haɗin ƙarfen nikel da taitaniyam mai lanƙwasuwa, daga baya aka ɗora shi a kan inji, aka yi zaton an gama. A 2001 Ove Peters da abokan aikinsa, a Zurich ɗin dai, suka ɗauki hoton cikin matauni da na'ura mai ganin ƙananan abubuwa, kafin aiki da bayansa. Kowane irin magagari aka yi amfani da shi, kashi 35 cikin 100 na bangon magudanar ko fiye ƙarfe bai taɓa shi ba sam. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan: gwaji ya bi duk hanyoyin da aka tsara masa ya dawo ya ce lafiya lau, matsalar kuwa tana kwance a reshen da bai taɓa shiga ba. Magagari hanya yake buɗewa. Abin da zai shiga lungu ya cinye naman da ya maƙale, da yauƙin da ƙwayoyin cuta suke ginawa su manne a bango kamar gansakuka a randa, dole ya zama ruwa.

Abin mamaki, an yi shekaru ana wankin kafin a tabbatar da cewa ƙwayoyin cutar su ne tushen ciwon. Wasu masana na ganin matacciyar tsokar ce da kanta take dafi, wasu na ganin ramin da babu komai a ciki ne yake tara ruwa mai guba. A 1965 Kakehashi da Stanley da Fitzgerald, a cibiyar binciken haƙori ta gwamnatin Amurka, suka huda haƙoran ɓeraye kashi biyu suka bar su a buɗe. Kashi na farko ɓeraye ne na yau da kullum. Na biyu an haife su an raine su a killace, babu ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu. Na farkon jijiyoyinsu suka mutu, mugunya ta taru. Na biyun, duk da abinci yana cushewa a ramin, jijiyar ta rayu, har ta gina sabon dentin ta rufe hujin. A 1976 Göran Sundqvist na Jami'ar Umeå a Suwidin ya nuna haka a jikin mutane: cikin haƙoran da jijiyarsu ta mutu sanadin buguwa, waɗanda ke da ciwo a ƙarshen saiwa su ne masu ƙwayoyin cuta, kuma mafi yawan ƙwayoyin irin waɗanda iska ke kashewa ne, shi ya sa masu binciken baya ba su iya rainon su a ɗakin gwaji ba.

Sundqvist da Anders Byström suka ɗora da tambayar da ta dace: wankin yana da amfani, ko gugar magagari ce take yin komai? A 1981 suka nuna cewa guga da ruwan gishiri kawai tana rage ƙwayoyin ninki 100 zuwa 1,000, amma kusan rabin magudanan ba sa rabuwa da su ko bayan zama biyar. A 1983 suka kwatanta: da ruwan gishiri, magudana 8 cikin 15 suka tsarkaka; da haifokulorait mai ƙarfin ruwan Dakin, 12 cikin 15. Adadin haƙoran kaɗan ne, kuma uku sun ƙi tsarkaka duk da haka. Wannan ukun yana da kyau a riƙe su, domin har yau babu likitan kirki da zai ce ya kashe komai. Ana rage su ne har jiki ya fi ƙarfin saura, sannan a toshe magudanar da gataferca, wani ƙaron itace daga yankin Malesiya da aka fara toshe saiwa da shi tun shekarun 1860.

Akwai abin da haifokulorait ba ya iyawa. A 1975 Dorothy McComb da Dennis Smith a Toronto suka duba bangon magudanar da aka goge da madubin ilektiron, suka ga gugar tana barin wani taɓo na garin dentin da ragowar nama, shafe a bango kamar yaɓe, ya toshe dubban ƙananan hujojin da ƙwayoyin cuta ke ɓuya a ciki. Bilic yana cin nama, ba ya cin ma'adini. Maganin wannan ma daga masana'antar yadi ya fito. A 1935 Ferdinand Münz ya haɗa sinadarin EDTA a Jamus don ya kama alli da ke cikin ruwa ya hana shi ɓata rini. A 1957 Birger Nygaard-Østby na Oslo ya kawo shi aikin saiwa. Yau ana amfani da mai ƙarfin kashi 17 cikin 100, na kamar minti ɗaya, ya wanke yaɓen. Idan ya daɗe sai ya fara zaizaye dentin, idan kuma aka gauraya shi da haifokulorait sai ya kashe wa kulorin ƙarfi, don haka bi da bi ake sa su.

Na ukun su shi ne kulohekzidin, wanda kamfanin ICI na Ingila ya gano cikin binciken magungunan zazzaɓin cizon sauro, aka bayyana shi a 1954. Iyaye mata da dama sun san shi, shi ne ake shafa wa cibiyar jariri. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana manne wa dentin ya ci gaba da aiki bayan an gama, ba shi da ƙauri kuma bai kai bilic ƙuna ba. An so ƙwarai ya karɓe gadon. Amma ba ya narkar da nama ko kaɗan, kuma idan ya haɗu da haifokulorait a magudana sai su haifi wani gurɓataccen ƙasa-ƙasa mai rina haƙori ya toshe hujoji. Ya tsaya a matsayin mataimaki.

Ruwan da ke narkar da mataccen nama ba ya jin kunyar mai rai. A 1974 Becker da Cohen da Borer suka wallafa rahoton abin da ya faru da aka tura haifokulorait ya wuce ƙarshen saiwa ya shiga naman fuska: zafi mai tsanani nan take, kumburi cikin mintuna, jini ya kwanta ƙarƙashin fata har gefen ido. Yawanci ana warkewa cikin makonni, wasu kan rasa ji a wani sashe na fuska na tsawon lokaci. Abin ba ya yawan faruwa, amma shi ya sa aka ƙera allura mai huji a gefe maimakon a baki, aka hana cusa ta har ta maƙale, aka ce a danna sirinji a hankali. Ga kuma tsaka mai wuya: ruwan ba ya wuce bakin allurar da fiye da milimita ɗaya ko biyu, kumfar iska kan tare ƙarshen magudanar, wurin da aka fi buƙatar wankin kuma nan ne ya fi kusa da haɗari. Dabarun shekaru 40 da suka wuce kusan duk a kan wannan 'yar tazarar suke: girgiza ruwan da na'ura mai kaɗawa da sauri, zuƙo shi daga ƙasa maimakon tura shi, ko motsa shi da hasken leza.

A nan ya kamata mu faɗa ƙarara: kada wanda haƙori ya hana barci ya karanta wannan ya nufi robar Hypo. Kurkure baki da bilic ko ɗiga shi a kogon haƙori ƙone dasashi da harshe da maƙogwaro zai yi, kuma ba zai isa magudanar da ba a buɗe ba. Likita ma ba ya sa shi sai ya keɓe haƙorin da wani mayafin roba mai huji ɗaya, wanda haƙorin kaɗai ke leƙowa ta ciki. Sanford Barnum na New York ne ya ƙirƙiro mayafin a 1864. Shi ke hana ruwan gangarawa maƙogwaro, ya hana yawu komawa cikin magudanar da ake wankewa, ya tare siririn magagari idan ya suɓuce. Mai zuwa a yi masa aikin saiwa yana da haƙƙin tambaya ko za a sa masa shi.

Fatalwar Weston Price kuwa ba ta kwanta ba. A 2018 aka fitar da wani fim mai suna Root Cause da ya farfaɗo da zancen zomayen nan, ya danganta aikin saiwa da ciwon daji da na zuciya. Ƙungiyoyin likitocin haƙori suka yi ca, Netflix ya sauke shi a 2019, amma guntayensa suna ta yawo a wayoyi, ana fassara su harsuna daban-daban. Mai kallo ba zai san cewa hujjar ta 1923 ce ba, daga zamanin da ake barin ruɓaɓɓen nama a cikin haƙori, kafin Grossman, kafin ɓerayen Kakehashi, kafin Sundqvist. Wanda ya cire haƙorin da za a iya cetowa saboda irin wannan bidiyo, maƙwabtan haƙorin za su karkato cikin giɓin, ƙashin wurin ya janye, tauna ta koma gefe guda, kuɗin dasa wani kuma ya ninka na aikin saiwar.

Gardamar da ta rage tsakanin ƙwararru ta yawan ƙarfi ce. Makarantun ƙasashen arewacin Turai sun daɗe a kan rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100, kusa da ruwan Dakin, suna kafa hujja da binciken Byström da Sundqvist na 1985 da bai ga bambanci ba wajen kashe ƙwayoyin cuta tsakanin rabin kashi da kashi 5. A Amurka an fi son kashi 5.25 zuwa 6, wato ƙarfin bilic ɗin kanti na can a da, saboda ya fi saurin narkar da nama, ko da yake an nuna yana rage wa dentin ƙwari. A 2005 George Sirtes da abokansa a Zurich suka ƙara wa muhawarar wani zare: mai kashi 1 da aka ɗumama zuwa digiri 45 yana narkar da tsokar jijiya daidai da mai kashi 5.25 a digiri 20. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abin da Dakin ya lura da shi a Compiègne, cewa kulorin yana ƙarewa da zarar ya gamu da nama, don haka dole a yi ta sabunta shi. Shi ya sa mai kwance a kujerar zai ga likita ya ajiye magagari ya ɗauki sirinji, ya koma magagari, ya sake ɗaukar sirinji, sau goma ko fiye a kan haƙori ɗaya, ɗakin kuma yana ƙaurin ranar wanki.